Bayis ɗin Shifu Liang

Duk wanda ya sauka gidan Sulemana a shekarar 1998, can cikin lungunan bayan titin Guangyuan a birnin Guangzhou, ba dilar kaya zai fara cin karo da ita ba. Bayis zai tarar. Guda goma sha ɗaya, jere a jikin bangon tsakar gida, kowanne an ɗaure shi a kan gungumen katako. Baƙo ya shigo da jakarsa, ya yi tuntuɓe da ɗaya, ya dafe ƙwauri yana salati, sai a ce masa, "Sannu, ka gaisa da iyalin Malam Kallamu."

Kallamu ba ya jin haushin wannan tsokana. Shekara goma sha uku ya yi yana gyaran inji a wata masaƙa a Kano, har ranar da aka tara su aka ce kowa ya je gida ya huta, za a neme su. Ba a neme su ba. Da zaman ya yi yawa, sai wani surukinsa mai fataucin injin niƙa ya turo shi ƙasar Sin, ya riƙa duba inji kafin a loda a kwantena, don an gaji da buɗe akwati a Kano a tarar da fenti mai kyau da ciki ruɓaɓɓe. Sulemana, mutumin zangon Kumasi, wanda karatu ya kawo shi shekara tara da suka wuce ya zarce da aikin lodi, shi ya ba shi ɗaki. Aikin duba inji ba ya cin yini. Sauran lokacin, 'yan'uwa su nufi kasuwar Baima neman riguna, wasu su ɗauki mota zuwa Shiling wajen jakunkuna, shi kuwa sai ya rataya jakar sifanunsa ya bi bayan gari, inda ake rufe tsofaffin masana'antu, yana leƙa tarin ƙarafa.

In ba ka san bayis ba, ba laifinka ba ne. Shi ne ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a kan bencin aiki. Ka murɗa hannunsa, ya cije abin da ka ba shi ya riƙe maka, kai kuma hannuwanka biyu su yi aiki. Kallamu ya ga isassun makanikai a gida suna take ƙarfe da ƙafa suna yanka, ya kuma ga yatsun da zarto ya cinye a haka. Sababbin da ke kasuwa, masu shuɗin fenti da sheƙi, ko kallo ba su ishe shi ba. Wata uku, ka matsa da ɗan ƙarfi, su ɓare maka a hannu. Tsofaffin nan na zubin zamanin da, su yake nema, waɗanda sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga. Ya jiƙa su da kananzir, ya warware su gaɓa-gaɓa, ya kankare tsatsa, ya fitar da haƙoran bakin da magagari, ya cika cikin da giris. In ya gama, da ɗan yatsa ɗaya za ka juya hannun. Niyyarsa ya cika kusurwar kwantena da su ya kai gida, kowanne ya samu benci da mai shi.

Wata Litinin ya ja Sulemana, ba don Sulemana yana so ba, zuwa wata masana'antar kayan keke a hayin kogi, wadda aka rufe tun bara. Mai gadin wurin wani tsoho ne gajere, busasshe, da tabarau ɗaure da zare, sunansa Liang. Asalinsa ba mai gadi ba ne. Shekara talatin da ɗaya shi ne babba a shagon gyara na masana'antar, shi ya sa har yanzu kowa Shifu yake ce masa, wato malamin sana'a. Da aka sallami mutane sai aka bar masa makullai da kujera.

Kallamu ya leƙa ta tagar shagon, inda gilashi ya fashe. Bayis ne, an kwance su daga bencuna an zube a ƙasa, wasu a kife, wasu a gicciye, ƙura ta rufe su. Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Ashirin da bakwai.

"Ka ce masa ina so," ya ce da Sulemana, bai ko juyo ba. "Duka."

Sulemana ya faɗa da Sinanci. Tsohon bai ɗaga kai daga kofin shayinsa ba.

"Meyo," in ji shi. Wannan kalma ko baƙon jiya ya san ta, babu ke nan.

Aka ja magana. Sulemana ya juyo ya ce, "Ranar Asabar da safe motar masu narka ƙarfe za ta zo. An gama magana, a sikeli za a auna su."

"Ka ce masa zan biya abin da sikeli ya ce."

Wannan karon tsohon ya yi doguwar magana, yana nuna ƙofa da haɓa.

"Ya ce ba kai ne farau ba," in ji Sulemana. "Dillalai uku sun zo, kowa ya ce kayan aiki yake so. Ya je ofishin masu masana'antar ya roƙa musu, ya sa hannu, bayan kwana biyu ya ga kayan a tarin 'yan gwangwan. Ya ce in narkewa za su yi, su narke kai tsaye, ba zai sake zubar da girmansa a ofis ba."

Kallamu bai yi gardama ba. Ya matso ya buɗe tafukansa biyu a gaban tsohon, duk kanta da tabon ƙuna, ga baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Tsohon ya duba ta saman tabarau. Can ya tashi, ya buɗe shagon, ya wuce duk na ƙasan, ya je ƙurya ya yaye wani tsohon tamfol.

Bayis ɗin da ke ƙarƙashinsa ya fi sauran girma. Hannunsa ya yi santsi, ya ɗan lotsa daidai inda tafin mutum ɗaya ya shekara talatin yana kamawa. Amma a wuyansa, ƙasa da muƙamuƙin gaba, ga tsaga ta ratsa fiye da rabi, gefenta duk tsiron walda mai muni.

"Nasa ne," in ji Sulemana. "A makon ƙarshe wani ya zura bututu a hannun don ya ƙara ƙarfi, ya tsaga shi. Masu walda biyu sun gwada, yana hucewa yake sake buɗewa. Ya ce ka gyara. In ya riƙe, zai je ofis. In bai riƙe ba, ka dawo masa da abinsa, sauran kuma su tafi wuta."

Kallamu ya durƙusa. Ya zaro sifana ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, kunnensa a jikin ƙarfen. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ka ce masa ya tanadi biro."

A bayan motar kurkura da suka ɗauka, suna riƙe da bayis ɗin kada ya gangara, Sulemana ya ce, "Malam, bakinka yana da saurin alkawari."

"Ba alkawari na yi ba. Abin da zai faru na faɗa masa."

Kuma ba cika baki ba ne, ya san abin da yake faɗa. Abin da ke ba mutum haushi da masu waldar yanzu shi ne komai a wurinsu ƙarfe ne, a manna masa wuta a wuce. Ƙarfen zubi kuwa ba ya son a ba shi mamaki. In ka zafafa wuri ɗaya ka bar sauran da sanyi, to ka jira ƙara. Sai an gasa shi gaba ɗaya a hankali, a zuba masa tagulla a tsagar yana da zafi, sannan a binne shi ya huce don kansa, kwana biyu, ko iska kada ta taɓa shi. Kallamu ya yi wannan a masaƙa ya fi sau ashirin, a kan ƙafafun injin da suka fi wannan tsada.

Talata ya yini yana kankare waldar banzar nan, ya buɗe tsagar ya yi mata kwari. Laraba tun da hantsi ya jera bulo a tsakar gida, ya juye buhu biyu na gawayi, ya sa fankar tebur ta zame masa zugazugi. Ya aro kan wutar gas daga wani mai gyaran babur a bakin lungu. Da ƙarfen ya yi ja sosai, ya sa masa tagulla, ta narke ta bi tsagar lungu-lungu har ta cika. Shi da Sulemana suka ɗaga shi da sanduna, suka kai ƙuryar gidan inda siminti ya ƙare, suka rufe shi da toka, suka bi da yashi kwando huɗu da aka roƙo daga wajen masu gini. Kallamu ya wanke fuska, ya dubi tarin ya ji daɗi har cikin ransa. Bayan azahar suka fita duba wasu injina da za a loda. Bai sa ko katako a kan tarin ba, don a ganinsa duk gidan an san abin da ke ciki.

Duk gidan an sani, ban da wanda bai iso ba tukuna.

Alhaji Tankari dattijo ne daga Tawa, ɗan kasuwar yadi, dogo, mai furfura a gemu. Ranar ce farkon zuwansa ƙasar Sin, kuma bayan fitarsu aka rako shi gidan. La'asar ta yi, ya cika buta, ya nemi wuri a tsakar gida zai tsuguna. Sai mai gidan da Sulemana ke haya, wata tsohuwa 'yar garin da ke zaune a bene, ta leƙo tana faɗa tana nuna ƙasa. Ta taɓa zamewa a kan jiƙaƙƙen siminti, tun daga ranar ba ta yarda a zubar mata da ko cokali ɗaya. Alhaji bai ji ko kalma ba, amma ya gane. Ya waiga, sai ga tarin yashi mai tsabta a ƙurya. To ina Bahaushe zai ga yashi ya je neman wani wurin alwala? Ya ji daɗi ma, ya ce ashe garin nan da mutanen kirki. Ya hau gefen tarin ya tsuguna. Ya ji ɗumi a tafin ƙafa, ya ɗauka rana ce. Kuma Alhaji ba ya cikin masu tsimin ruwa. Buta ɗaya ta ƙare a fuska da hannuwa, ya sake cikowa don ƙafa.

Kallamu ya shigo daidai lokacin da tururi ya fara tashi daga yashin. Bai kai ga buɗe baki ba sai ya ji ƙarar. Ba babba ba ce, ƙas, sau ɗaya, daga can ƙarƙashi. Ya san ta kamar yadda ya san muryar uwarsa.

Alhaji ya yi tsalle gefe da buta a hannu. "Mi ya hwaru? Mi na taka?"

Ran Kallamu ya ɓaci iyakar ɓaci. Maganganu suka taso masa har wuya, irin waɗanda in sun fita ba a mayar da su. Amma ga mutum sa'an babansa, baƙo, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya ba a wanke ba, bai yi komai ba illa alwala. Kuma laifin na wa? Guntun katako ɗaya da ya ɗora a kai, da ya wadatar. Ya haɗiye.

"Ƙarasa alwalarka, Alhaji," ya ce. "Lokaci yana tafiya."

Alhamis da safe ya tone. Tagullar ta kama, kyakkyawa, babu ko ƙofar allura. Amma yatsa biyu daga gefenta, inda ruwan ya sauka, ga sabuwar tsaga siririya ta gangaro. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ƙarfen ya amsa masa da mataccen sauti.

"A sake gasawa," in ji Sulemana.

"In na sake gasawa tagullar za ta zube. Ko ba ta zube ba, sai Asabar da yamma zai huce."

Sulemana ya rage murya. "Tsohon nan idonsa ba ya gani sosai. A cike da filar masu gyaran jikin mota, a shafa baƙin fenti. Wa zai sani?"

"Da ido za a gwada?" Kallamu ya dube shi. "Zai murɗa shi ne, Sulemana. Kuma ni aka turo daga Kano in kama masu wannan aikin, yau kuma ni zan yi?"

Ya zauna a kan gungume ya tasa bayis ɗin a gaba. Karo na farko tun zuwansa garin nan da bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ashirin da bakwai ɗin nan suna ta yi masa yawo a ido, yana ganin guduma tana sauka a kansu ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Tankari, wanda tun jiya ko shinkafa ya kasa ci, ya kawo masa shayi a ƙaramin kofi ya tsuguna a gefe. Bai je kasuwa ba, ya ce ba shi da fuskar fita.

"Malam, ka gahwarce ni," ya ce. "Wallahi da ƙwarya ce da na ɗunke maka ita. Na iya, wurin tsohuwata na koya."

Kallamu ya kai kofin baki, sai ya tsaya.

"Yaya kuke yi, Alhaji?"

"Ƙwaryar? A huda nan, a huda nan, gefe da gefe. A ratsa zare a ɗaure. Amma sai an hwara huda ƙarshen tsagar, in ba haka ba gaba take ci."

Kallamu ya ajiye shayin bai sha ba. Ya taɓa ganin wani tsohon injiniya ya yi wa tukunyar inji irin wannan a masaƙa, a sanyi, babu wuta ko kaɗan. Shi bai taɓa yi da hannunsa ba. Ya sa babban yatsa ya auna tsagar, ya auna kaurin wuyan.

"Biyar," ya ce. "Ɗinki biyar zai riƙe shi. Alhaji, cire babbar rigar nan, yau kai ma maƙeri ne."

Suka aro injin huda daga mai gyaran babur, suka sayo guntun sifirin ɗin babbar mota. Kallamu ya fara huda ƙarshen tsagar, yadda Alhaji ya faɗa. Sannan ya jera ramuka a gicciye, suna ratsa tsagar, ya haɗe su da kurfi har suka zama gurbi mai faɗi a kai biyu da siririn ƙugu a tsakiya. Daga sifirin ɗin ya yanko ƙarfe, ya bi shi da magagari har ya yi siffar gurbin, amma ya fi shi gajarta da kaurin gashi, don in an buga shi ciki ya jawo gefen biyu su haɗe. Tsakanin ɗinki da ɗinki kuma, a bisa tsagar kanta, ya huda ya ɗaura ƙananan sukurori, kowanne yana cin gefen ɗan'uwansa, ya yanke kawunansu ya daddaɓe.

Faɗinsa da baki minti ɗaya ne. Yinsa kuwa, kowane ɗinki awa uku yake ci, in bai ɓaci ba. Na biyu ya ɓaci, aka sake. Iyalin nan da ake tsokanarsa da su ranar suka yi amfani, wannan ya riƙe sifirin, wancan ya riƙe sukuru. Alhaji ya riƙa goga yana haki, furfurarsa duk garin ƙarfe. Sai dai tsohuwar bene tana da doka ta biyu, rana na faɗuwa ba ta yarda a ɗaga guduma. Alhamis suka yi ɗinki biyu. Juma'a masallaci ya cinye musu awa uku, suka yi biyu. Gari ya waye Asabar saura ɗaya.

Ƙarfe bakwai Sulemana ya tsaya a kansa da agogo. "Ƙarfe takwas motar za ta iso. Huɗu sun isa, Malam, mu tafi."

"Na ce biyar."

"Za su fara fasawa."

Kallamu bai ɗago ba. Ya san gaskiya Sulemana yake faɗa, kuma kowane jan magagari yana jin sa a ƙirji. Amma in ya kai huɗu ya buɗe a hannun tsohon, ba wasu zai rasa ba, duka zai rasa. Ya ci gaba da goga. Tara saura kwata ya buga na biyar ya shige daram, ya ƙwanƙwasa da sifana, ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo, garau.

Tun daga bakin titi suka jiyo gudumar. Motar tana tsaye a ƙofar shagon, ƙarti uku ba riga suna fasa manyan don su yi sauƙin lodi. Kallamu ya diro tun kurkurar ba ta tsaya ba. Ya dubi tarin gutsattsarin, ya ƙirga hannuwa, don su ba sa fashewa. Takwas. Har da wani mai faɗin baki da ya riga ya zaɓa masa mai shi a ransa, wani abokin aikinsa na masaƙa da ke gyaran famfo a bakin titi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba, ya tsaya ya share ido da bayan hannu.

Shifu Liang yana can gefe, ya juya wa masu fasawar baya, hannuwansa a goye. Da ya ga sun sauke kayan, ya nuna musu benci ɗaya da ya rage a shagon. Suka ɗora, Kallamu ya ɗaure kusoshi huɗu.

Babu fenti. Ga layin tagulla rawaya, ga ɗinki biyar a jere kusa da shi suna ƙyalli, kowa yana gani. Tsohon ya gyara tabarau, ya sa farce ya bi layin tagullar, sannan ya tsaya a kan ɗinkin ya dubi Kallamu.

"Ka faɗa masa duka," in ji Kallamu. "Tsaga ɗaya ya ba ni, na ƙara masa ta biyu da sakacina."

"Har da alwalar?"

"Har da ita."

Sulemana ya yi bayani, yana kwatanta buta da hannu. Alhaji Tankari, da ya nace sai ya biyo su, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya saurara har ƙarshe. A waje guduma tana ta sauka a kan na tara.

Ya je ƙurya ya ɗauko rodi mai kaurin babban yatsa, ya sa a bakin bayis ɗin. Ya murɗa. Ya ƙara murɗawa. Ya kama hannun da hannu biyu ya rataya duk nauyinsa har dugadugansa suka bar ƙasa. Sannan ya ɗauki guduma ya shiga dukan rodin daga gefe, dukan mutumin da ya kwana biyu yana neman abin duka. Bencin yana rawa, ƙura tana zubowa daga rufi. Kallamu ya harɗe hannu a ƙirji yana kallo, bai matsa ba, bai kuma runtse ido ba. Rodin ya lanƙwashe ya kwanta. Tsohon ya ajiye gudumar, ya cire tabarau ya kai fuskarsa dab da ɗinkin, ya daɗe a haka.

Sai ya miƙe ya fita ƙofa ya daka wa ƙartin tsawa. Ba wanda ya zaci irin wannan murya za ta fito daga wannan ɗan jiki. Gudumar ta tsaya a sama.

Ya hau wani tsohon kekensa ya tafi. Direban motar ya yi ta masifa, ba wanda ya kula shi. Bayan kusan awa ɗaya tsohon ya dawo da takarda mai jan hatimi, ya miƙa wa Kallamu da hannu biyu. Na taran bai mutu ba, kunne ɗaya kawai ya rasa. Goma sha tara ke nan. Aka auna, aka nemo babbar mota, aka shiga lodi, Alhaji yana ta ba da umarni da Faransanci ga mutanen da ba sa jin ko Hausa.

Suna cikin haka Kallamu ya waiga ya ga tsohon ya ɗauki sifana yana kwance kusoshin nasa bayis ɗin daga benci. Ya je ya karɓi sifanar ya ƙarasa masa.

"Tambaye shi ina ne gidansa," ya ce da Sulemana. "Mu fara sauke masa kafin mu wuce."

Sulemana ya tambaya. Tsohon ya amsa a taƙaice, idonsa a kan bencin. Sulemana ya juyo.

"Ya ce wata mai zuwa za a rushe unguwarsu. Zai koma wurin 'yarsa, hawa na bakwai, ɗaki biyu. Ya ce can babu benci." Ya nuna bayis ɗin. "Ya ce a loda da sauran. Wannan ba na sikeli ba ne."

Kallamu ya dubi bencin. Shi ma ya san ranar da ya tattara sifanunsa ya fita daga masaƙa, ya bar nasa a ɗaure a benci, bai waiga ba don kada a ga fuskarsa.

Tsohon ya sake magana.

"Yana tambaya, a garinku wa zai yi aiki da shi?"

"Ni," in ji Kallamu. Ya dafa ƙirji don kada a jira fassara.

Shifu Liang ya gyaɗa kai. Ya zaro tsumma daga aljihu ya goge hannun bayis ɗin daga wannan kai zuwa wancan. Ya murɗa har bakin ya haɗe, sannan ya warware shi kaɗan, ya bar 'yar ƙofa da takarda za ta iya shiga. Ya ɗaga yatsa yana magana a hankali, yadda ake yi wa sabon shiga.

"Ya ce in ka tashi daga aiki, kada ka bar shi a cije. Ka sassauta masa, ya kwana da numfashi."

Kallamu ya san wannan tun yana ɗan shekara goma sha tara. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Shifu."